Gaskit ɗin da ya ƙone sau biyu: yadda wani ɗan kasuwar Garwa ya buɗe injin 504 da hannunsa

Mutumin da wannan lamari ya shafa ɗan kasuwa ne a unguwar Yelwa, cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Atamfa da shadda da kayan ɗinki yake sayarwa, kuma rabin cinikinsa a kasuwannin ƙauye yake yinsa. Ranar Lahadi yana Pitoa, wasu ranakun ya bi Ngong ko ya nausa Guider, wani lokacin kuma ya hau Ngaundare ya ɗauko kayan da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu. Duk wannan zirga-zirga a kan mota ɗaya take: Peugeot 504 doguwa, mai shan fetur, haɗin Kaduna. Bai taɓa zama yaron gareji ba. Abin da ya iya shi ne abin da dole ke koya wa kowane mai tsohuwar mota, wato juyen baƙin mai, wanke filogi, ɗaure fambel. Malam 'yan layinsu ke ce masa, haka ni ma zan kira shi.

A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Shi ya sa har yau kayanta ke shigowa Garwa ta Mubi da Yola, na kirki da na bogi a buhu ɗaya. Injin motar Malam mai silinda huɗu ne, cc 1,971, a karkace yake cikin bonet. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyon. Babu kwamfuta, babu wata na'urar da sai an jona kafin a san ciwonsa. Sifana da haƙuri suna buɗe shi tun daga sama har ƙasa.

Ƙonewar farko da ta biyu

A watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, Malam na dawowa daga Ngong da lodi sai motar ta tafasa. Aka ja ta zuwa wani gareji. Suka ce gaskit ɗin kan inji ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangarsa mai hana ruwa, mai da wuta haɗuwa, suka canza shi a yini ɗaya, ya biya, ya yi godiya. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa ta tafasa tun farko.

Bayan 'yan makonni ruwan lagireto ya fara raguwa kaɗan-kaɗan, ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya ga farin kumfa a jikinsa. Ya koma garejin, aka ce masa sabon aiki ne, zai zauna. Ya ci gaba da yawo da jarka a but.

A farkon Mayu ya kama hanyar Ngaundare. Wanda ya san hanyar ya san inda motoci ke nuna halinsu. Garwa tana kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai fi mita 200 da wani abu ba, Ngaundare kuwa ta haura mita 1,000, kuma babban kaso na wannan hawa a 'yan kilomitoci ake yinsa, a dutsen da ke gaba da Mbe. A nan mota na ƙaramar giya, inji na aiki iya ƙarfinsa, ga shi ba gudun da zai turo iska cikin lagireto. Komai ya rataya a kan fanka. Tun kafin rabin hawan allurar zafi ta shige ja. Malam ya tsaya ya kashe inji, yana neman dutsen da zai tare taya, sai yaron da ke taya shi lodi ya murɗe murfin lagireto. Tururi ya saɓule masa fatar hannu. Da abin ya lafa, suka juye jarkar ruwa mai sanyi cikin inji a kashe. Kan alminiyon da ya yi zafi haka, idan ruwan sanyi ya dake shi farat ɗaya, ko ya banƙare ko ya tsage.

Da aka jawo motar Garwa, sandar awon mai ta fito da abu mai launin shayi da madara. Garejin suka ce inji ya mutu, sai dai a nemo na gwanjo. Kuɗin da suka faɗa ya kusa cinye jarin damina.

Shawarar Kawu

A layinsu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin auduga, yana kuma gyara su da kansa a daji. Idonsa ya yi rauni yanzu, hannu na rawa. Kowa Kawu yake ce masa. Malam ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwashe labari ya faɗa masa.

Kawu ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Gaskit ba ya tashi da safe ya ce yau zan ƙone. Da suka cire kan injin, kana wurin?"

"Ina wurin, Kawu."

"Sama suka ɗaga shi, ko gefe suka ture shi?"

"Sun sa ƙarfe sun ɓamɓaro shi sama."

"Sun juya injin alhali kan na ƙasa?"

"Sun juya, don su kankare saman fistin."

Kawu ya ce, "To je ka nemo sarƙa. Injinka bai mutu ba, amma sai ya fito waje."

Waɗannan tambayoyi biyu su ne zuciyar lamarin. A yawancin injinan ƙananan motoci, ramin silinda a jikin gangar inji aka huda shi. Na 504 ba haka yake ba. Kowane fistin yana hawa da sauka ne cikin wani bututun ƙarfe mai cirewa, shemis ko silif, kuma ruwan sanyaya inji yana zagaye wannan bututu kai tsaye. A gindinsa akwai wani siririn zobe na takarda, shi kaɗai ne ya raba ruwa da baƙin mai. Babu noti ko ɗaya da ke riƙe bututun. Kan inji ne ke danne shi daga sama. Idan aka ɓamɓaro kan sama, tsohon gaskit da ya manne yakan ɗago bututun tare da shi. Idan aka juya inji babu kai, zoben fistin na tura shi sama. Ko da ɗagawar ba ta kai kaurin gashi ba, takardar gindi ta yage, tsatsa da laka sun shige ƙarƙashi. A mayar da kai, a sa sabon gaskit, a ɗaure, mota ta tashi lafiya. Daga ranar ruwa na tsiyaya cikin baƙin mai, ba a gani.

Ban ce makanikan garejin mugaye ba ne. Yaran da suka tashi a kan Toyota haka suka saba cire kan inji, kuma a kan Toyota ba laifi ba ne. Amma wanda ya karɓi 504 ya kamata ya san abin da ya karɓa, ko ya ce bai sani ba.

Aikin a ƙarƙashin darbejiya

Malam ya aro sarƙar ɗaga inji, ya rataye ta a babban reshen darbejiyar ƙofar gidansa. Kawu ya sa aka kawo masa kujera, ya kafa sharaɗi: ba mai shiga ƙarƙashin inji yana rataye, ko da noti ne ya faɗi. Babban ɗan Malam, da ke makarantar sakandare, ya samo kwafin littafin Revue Technique Automobile na 504 a wayarsa. Shi ke karanta Faransancin, uban na riƙe da sifana, Kawu na gyara musu inda littafi bai san ƙurar Garwa ba.

Kafin a kwance komai yaron ya ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo. Notina kuwa, kowane rukuni da gwangwanin madararsa, an rubuta a jiki. Sandunan da ke tura bawul guda takwas aka soke su a kwali bi da bi, domin kowace ta ci wurin zamanta, ba a musanya su.

Cire kan injin shi ne abu na farko da Malam ya yi yadda ya kamata. Notinsa goma ne. Ya sassauta su kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, ya cire tara, ya bar ɗaya na kusurwa a sassauce. Sannan ya sa katako yana bugun ɗaya ƙarshen kan ta gefe har ya juya a kan wannan noti, gaskit ya saki ba tare da an ja komai sama ba. Nan take ya sa manyan wasa, wato zobban ƙarfen da ake sa wa noti, da gajerun notina ya danne bututan huɗu.

Gaskit ɗin ya ƙone a tsakanin silinda biyu na tsakiya, wannan a fili yake. Mutum mai gaggawa a nan zai tsaya. Kawu ya sa aka cire kwanon mai na ƙasa, aka toshe mafitar ruwa, aka cika gangar inji da ruwa har baki, aka shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa. Suka tafi sallar azahar. Da suka dawo, kwalin ya jiƙe a wuri ɗaya. Yaron ya haska tocila daga ƙasa ya ce, "Baba, ga shi nan, yana tsattsafowa ta gindin na uku." Malam ya ɗora yatsa a wurin, ya ji sanyin ruwa yana bin ƙarfe. Wannan gwaji bai ci sisi ba, shi kuma ya tabbatar da maganar Kawu.

Sai aka fitar da bututan, kowane da fistin ɗinsa, aka yi musu alama da fenti. A nan yaron ya tsayar da uban, ya ce littafin ya nuna a wannan inji silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giya, ba ta wajen fanka ba. Suka goge alamar suka sake. Ƙarami ne a ido, amma da an bar shi, da an zo saita wuta an rikice.

Abin da suka tarar a cikin gangar injin ya isa a tsaya a kansa. Laka ce ja, ta kai rabin yatsa a gindin bututan baya, ga farin dutse ya kama jikinsu. Shekara da shekaru ruwan rijiya ake zubawa, wani lokacin ma na kududdufi, ba a taɓa sa ruwan lagireto na kanti ba. Mutanenmu na cewa wannan ruwa mai launi na ƙasashen ƙanƙara ne, mu me ya haɗa mu da shi. Ai ba daskarewa kaɗai yake hanawa ba. Yana hana tsatsa, yana hana ruwa cin alminiyon, kuma kan injin Malam duk ya yi ƙananan ramuka a bakin hanyoyin ruwa saboda rashinsa. Kankare wannan laka da wanke mazaunin bututan ya ci musu lokaci fiye da kowane aiki. Ba makanike mai motoci biyar a layi da zai zauna ya yi shi. Wannan ita ce babbar ribar mai mota a kan gareji: shi yana da lokacin, kuma shi zai hau dutsen Mbe da motar.

Tun da ruwa ya daɗe a cikin mai, sun duba metal, 'yan siraran ƙarafunan da karanshaf, wato babbar sandar ƙasan inji da fistin ke juya ta, ke juyawa a cikinsu. Sun canza launi, sun fara ci. Karanshaf ɗin kansa ya tsira, farce ba ya kama komai a jikinsa. Aka sa sabbin metal da sabbin zoben fistin.

Inda hannu ba ya isa

Abu biyu Malam bai yi da kansa ba, kuma ina ganin a nan ya fi nuna hankali.

Ya ɗora mikakken ƙarfe a fuskar kan inji, ya zura 'yan siraran ganyayen awo a ƙarƙashi. Littattafan gyara galibi ba sa yarda banƙarewa ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10. Nasa ganye mai kauri fiye da haka ya shige a tsakiya ba tare da turjiya ba. Wani maƙwabci ya ba shi shawara ya manna samfefa a jikin gilashi ya goge da hannu. Kawu ya ce a'a. Aka kai shi wurin masu injin goge ƙarfe, suka gwada shi ko ya tsage, suka ga lafiya, suka goge fuskar. Mai shagon ya nuna masa cewa an taɓa goge wannan kai a baya, kafin motar ta zo hannunsa.

Na biyu shi ne tsayin bututan. Dole kowane ya ɗan ɗara fuskar gangar inji da wani ɗan kaɗan da ido ba ya gani, kuma su huɗun su yi kusan daidai, domin wannan ɗarawa ce ke cizon gaskit. Shi ya sa zoben takardar gindi ke zuwa kauri daban-daban. Idan ɗaya ya nutse, a nan wuta za ta sami hanya. Wannan awo da agogon awo ake yinsa. Malam ya ɗora gangar injin a kura ya tura ta shagon, mai shagon ya auna a gabansa, ya zaɓa wa kowane bututu takardarsa.

Sifana mai awon ɗauri ma aro ya yi. A garejin farko da bututun famfo aka ƙara wa sifana tsawo, yaro ya rataya a jiki har noti ya yi ƙara. Ɗaurin kan inji a matakai ake yinsa, daga tsakiya zuwa gefe, da adadin da littafi ya faɗa. Kafin nan ya busar da kowane ramin noti da tsumma a kan waya, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yakan sa noti ya yi kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba. Gaskit kuwa, iri biyu aka miƙo masa a kasuwa. Ya ɗora kowane a kan tsohon, ya ga mai arahar ramukan ruwansa biyu ba su hau daidai ba. Ya sayi mai tsadar.

Saitin bawul da kansa ya yi, inji a sanyaye: milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi.

Abin da ya tafasa motar tun farko

Har yanzu ba a amsa tambayar watan Maris ba. Kawu ya ƙi yarda a tayar da inji sai an amsa ta.

Fankar 504 ba kullum take ja ba. Tana da maganaɗisu na lantarki. Idan ruwa ya yi zafi, wani maɓalli a jikin lagireto ya ba da wuta, wutar ta bi ta wani ɗan gawayi, maganaɗisu ya kama fanka ta fara ja da ƙarfi. Idan bai kama ba, fankar na ɗan juyawa haka nan, mai kallo ya zaci lafiya take. Malam ya zaro gawayin ya tarar ya cinye ƙurmus, sai sifirin kawai. Wato tun kafin Maris fankarsa ba ta aiki. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya iskar gudu na rufa asiri, a lodi da hawa asirin ya tonu. Gawayin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba shi ne farkon duk wannan asara. Direbobi da yawa kan ɗaure sukurori ukun da ke jikin fankar ta riƙa ja kullum, kuma dabara ce mai kyau idan abin ya same ka a daji. Malam ya sa sabon gawayi, ya jona wayoyin maɓallin ya ji ƙarar kamawa.

Murfin lagireto ma robarsa ta mutu, da leda ake naɗe shi. Murfin nan ba don hana zuba kawai aka yi shi ba. Yana riƙe matsi, matsi kuma na ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. A buɗe ruwa na tafasa a digiri 100, a tsayin Ngaundare ma wajen 96. Da matsin bar 1 sai ya kai kusan 120. Mai leda a murfi ya zubar da wannan rata duka. An kai lagireton wurin masu wanki, suka cire tankinsa suka zura waya a kowane layi, kusan rabi a toshe suke.

A kan tamostat, 'yar ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, aka yi gardama. Babu shi a motar, an daɗe da cirewa, kamar yadda ake yi wa kusan kowace mota a yankin nan. Kawu kansa ya ce a bar shi a cire, haka suka yi a zamaninsu. Yaron ya ce littafi ya ce a sa. Malam ya bi littafi, ni ma a nan ina tare da shi, duk da girman da nake ba Kawu. Idan inji ya yi zafi tamostat a buɗe yake gaba ɗaya, ba shi ke tafasa mota ba sai in ya lalace. Amfaninsa da asuba ne, musamman a sanyin Disamba da Janairu, lokacin da inji mara tamostat ke daɗewa bai ɗumama ba, yana shan fetur, fetur ɗin na wanke mai daga jikin silinda. Sun jefa sabon cikin tukunyar ruwa a kan murhu, suka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, sannan suka ɗaura.

Saura maganar fetur. Malam zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a jarka, yake sha kamar kowa, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 farashinsa ya tashi, wasu masu jarka kuma kan gauraya shi. Man da aka haɗa da kananzir yana sa inji ƙwanƙwasa a hawa, ƙwanƙwasa kuma na dukan gaskit. Ya saita wuta yadda littafi ya ce, ya kuma tsaya ga mai sayarwa ɗaya da ya yarda da shi. Ranar hawan Ngaundare a gidan mai yake cika tanki.

Lissafi

Motar ta yi makonni a ƙarƙashin bishiya. Kasuwar Pitoa ta ci sau da dama babu Malam, wasu ranakun kuma a motar haya ya kai kaya, riba ta tafi a kuɗin mota. Uwargida ta yi magana a kan tsakar gidan da ya koma gareji, tana da gaskiya kuma. Baƙin man da ya gauraya da ruwa a jarka suka tara shi, ba su zuba a kwata ba, domin kwatar Garwa a Binuwai take ƙarewa. Idan aka haɗa kayan da ya saya, da kuɗin shagon guga, da cinikin da ya rasa, abin bai kai kuɗin injin gwanjo ba, amma ratar ba ta kai yadda ya yi zato ba. Bambancin shi ne injin gwanjo ba wanda ya san cikinsa, kuma da a kan fanka mara gawayi da toshasshen lagireto za a ɗora shi.

Ba zan ce wa kowa ya je ya rataye injinsa a bishiya ba. Malam ya sami abubuwan da ba kowa ke samu ba: dattijon da ya san tarkon wannan inji, yaron da ke karanta littafi, da zuciyar da ta yarda ta tura kura zuwa shagon awo maimakon ta ce ido ya isa. Da babu Kawu, da gaskit na uku zai sa a kan yagaggiyar takarda. Mai Corolla ko Hilux ma kada ya kwafi matakan nan yadda suke, injinsa da nasa tarkon, ya nemi littafinsa.

Ranar da aka tayar da injin, sun bar shi yana aiki a tsaye har allura ta kai tsakiya, suka ji fanka ta kama, ta ja, ta saki. Malam ya juye mai bayan 'yan kwanaki don ya fitar da sauran danshi. Da motar ta yi tafiyar wajen kilomita 1,000 ya sake aro sifanar awo ya bi notinan kai, ya sake saita bawul. Ya hau dutsen Mbe da lodi kafin damina ta ƙare, allura ba ta wuce inda ya kamata ba, ruwa kuma bai ragu ba. Hannun yaron lodi ya warke, amma tabon na nan.

Abin da ya rage shi ne kan injin. Mai shagon guga ya ce an goge shi sau biyu ke nan, ba sauran naman da za a ƙara ci, idan ya sake banƙarewa sai dai wani. Malam ya ba wani direban da ke zuwa Mubi saƙo ya nemo masa kai mai lafiya ya ajiye, da sharaɗin ba zai biya ba sai an ɗora masa ƙarfen awo a gabansa.